Cutar MS: Abin da jini ke nunawa game da tsatsar jijiyoyi

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Uke, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifin gajiyarsa: ga sammako, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, ga zafin rana. Shi ya sa idan ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya sage, ko ido ɗaya ya dushe na 'yan kwanaki sannan ya washe, akan ce maleriya ce ko taifot. Wani lokaci kuwa alamun cutar MS ne.

A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa mayelin, wato rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa yankewa a hanya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, lokacin ƙarfin aiki. Takan tashi ta lafa, zafi kuma yana tsananta alamunta.

Babban ƙalubalen likita shi ne sanin ko cutar tana ci a ɓoye. Na'urar MRI ce ke nuna hakan, amma tana da tsada, kuma sai a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Don haka masana suka koma ga jini da ruwan laka.

Yayin kumburi, ƙwayoyin garkuwa suna sakin burbushin iskar oksijin masu cin kitse da furotin, tamkar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ɓarnar tana barin sawu: MDA daga lalacewar kitse, 8-OHdG daga lalacewar ƙwayar gado. Bincike da dama sun samu MDA ya ƙaru a jikin masu cutar, yayin da gulutatayon, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki, ya ragu a ƙwaƙwalwarsu. Maganin Tecfidera, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, yana ƙarfafa wannan hanyar kariya.

Sai dai waɗannan alamu ba su zama gwajin asibiti ba tukuna, domin shan taba da ciwon suga ma suna ɗaga su. Haka kuma ƙwayoyin bitamin da ake tallatawa da sunan wanke jini ba su maye gurbin maganin cutar.

Duk wanda alamar sagewa ko dushewar gani ta wuce masa kwana guda, ko ta tafi ta dawo, ya dace ya nemi asibitinsa na inshorar NHIA ya tura shi wurin likitan jijiyoyi. Fara magani da wuri yana rage tashin cutar, yana kuma jinkirta nakasa.