Jirgin Bayin Da Teku Ta Ɓoye Shekara 200

Ran 27 ga watan Disamba na shekara ta 1794, wani jirgin ruwa na Fotigal mai suna São José ya daki duwatsu kusa da gaɓar birnin Kap, a Afirka ta Kudu, ya farfashe. Ya taso daga tsibirin Mozambik za shi Birazil, ɗauke da bayi sama da 400. Matuƙansa sun tsira. Bayi kimanin 200 ruwa ya ci. Waɗanda suka fita da rai kuwa, aka sake saida su nan Kap.

Yaya ake gano jirgi irin wannan bayan katakonsa ya ruɓe, rairayi ya binne sauran? Masana tarihi sukan fara da tsofaffin takardu, don su san wurin da za su nema. Sannan kwale-kwale ya riƙa kai da komo bisa ruwa, yana jan na'ura mai jin ƙarfe. Inda ta nuna alama, masu nutso su sauka, su auna, su zana, su ɗauki hoto kafin a taɓa kome.

Tun cikin shekarun 1980 masu neman dukiya suka ga tarkacen jirgin, amma suka ɗauka na Holan ne. A shekara ta 2011 Jaco Boshoff, masani a gidajen tarihi na Iziko, ya samu bayanin da kyaftin ɗin ya bayar bayan haɗarin. Daga baya aka tsamo sandunan ƙarfe, takardun Fotigal kuma suka tabbatar da cewa an loda irinsu cikin São José. Amfaninsu shi ne daidaita jirgi, domin nauyin mutane ba ya tsayawa wuri guda kamar na kaya. Aka bayyana wa duniya sakamakon a shekara ta 2015.

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta hana ciniki da kayan tarihin da suka shekara 100 cikin ruwa. Dalilin a fili yake: mai neman zinariya ba zai kula da sandar ƙarfe ba, alhali ita ce shaida.

Ran da aka yi juyayin mamatan, masu nutso sun zuba ƙasar Mozambik cikin ruwa kusa da wurin da jirgin ya nutse. Tun da ba su koma gida ba, sai aka kai musu gida.