Yadda lantarki ke sa makaho ya ga walƙiya

Duk wanda ya taɓa shan mari mai zafi ya san wutar nan da ke gilma wa mutum a ido, alhali ba a kunna fitila ba. Dalilinta yana can ƙuryar ido, inda wani siririn tantani yake shimfiɗe, wanda likitoci ke kira retina. Ƙwayoyinsa masu karɓar haske sun haura miliyan 120, aikinsu kuwa mai da haske saƙon lantarki. Saƙon yakan ratsa wasu ƙwayoyi na tsakiya, sannan ya hau jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa. Ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta tambayar abin da ya ta da saƙon: duka ne, dannawa ce ko lantarki, haske take ɗaukarsa.

Tun 1755 wani Bafaranshe, Charles Le Roy, ya tura wa wani makaho lantarki ta kai. Mutumin ya ga kamar harshen wuta, amma bai warke ba.

Akwai wata cutar gado, retinitis pigmentosa, da ke kama kusan mutum 1 cikin 4,000. Takan fara da dundumi, gefen gani ya yi ta tsukewa har duhu ya rufe. Ƙwayoyin karɓar haske take kashewa, amma da yawa daga cikin masu isar da saƙo suna nan da rai, suna zaman jiran aiken da ba ya zuwa. Su ne masana suka ce bari a taɓa da lantarki kai tsaye.

Na'urar Argus II, wadda Mark Humayun na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya taka rawa wajen ƙirƙira, ta sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2013. Kyamara ce a jikin tabarau take ɗaukar hoto, wata 'yar kwamfuta ta sarrafa shi, sai wani faifai mai bakin waya 60 da aka liƙa a kan tantanin ya riƙa sakin lantarki kaɗan-kaɗan. Masu ita sun iya gane inda ƙofa take, ko gilmawar mutum. Fuska kam, sai dai a ji murya.

Me ya sa ganin ya tsaya nan? Tantanin ido ba allo ba ne kawai. Wasu ƙwayoyinsa suna motsawa idan haske ya zo, wasu sai ya ɗauke. Lantarki ba ya bambance su, duka yake tayarwa lokaci guda, kamar mai shela ya shiga inda ake raɗa. Yakan kuma taɓa zaren jijiyoyin da ke wucewa daga wani sashe, sai mutum ya ga dogon zane maimakon ɗigo.

An dasa wa mutum sama da 350 wannan na'ura, kowace a kan kimanin dala 150,000. A 2019 kamfanin Second Sight ya daina ƙera ta, aka bar mutane da ƙarfe a ido ba tabbacin gyara. Wannan abin kunya ne da bai kamata a manta ba.

Ana ci gaba dai. PRIMA, ƙirar Daniel Palanker na Jami'ar Stanford, faɗinta milimita 2 ne, ana cusa ta ƙarƙashin tantanin, ta taɓa ƙwayoyin tsakiya, ido ya ƙarasa sauran aikin da kansa. A gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2025, an dasa ta ga tsofaffi 38 a Turai waɗanda tsakiyar ganinsu ta mutu, akasarin waɗanda aka bibiya har shekara suka koma karanta haruffa, baƙi da fari, a hankali.

Mai yanar ido ba ya buƙatar irin waɗannan na'urori, tiyata ta ishe shi. Wanda kuma hawan jinin ido ya kashe masa jijiyar gani, ko an kunna tantanin, saƙon ba shi da hanyar kaiwa ƙwaƙwalwa.