Daga Bayajidda zuwa Karɓagari: siyasar da ke cikin sunayen tarihin Daura

Marubucin nan na Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fara ƙirƙiro harsunan Quenya da Sindarin ne kafin ya gina labaran da za su ɗauke su, har ya tsara yadda sunayen mutanensa suka sauya da tafiyar zamani. A Daura ma suna da labari sun cuɗanya, sai dai a nan abin da ake jayayya a kai mulki ne.

Masu ba da tarihin baka suna fassara Bayajidda da "ba ya ji da", wato baƙon da bai san Hausa ba sa'ad da ya iso. Wasu masana kuwa, ciki har da W.K.R. Hallam a 1966, sun danganta sunan da Abu Yazid, Babarbaren da ya yi wa daular Fatimiyya tawaye a Arewacin Afirka, ya mutu a 947. Idan haka ne, bakin Bahaushe ne ya tanƙwara baƙon suna har ya zama jimlar Hausa. Haka ake cewa kalmar "sarki" ta fito daga Makas-Sarki, laƙabin wanda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, bayanin da ya fi daɗin ji fiye da ƙarfin hujja.

Inda siyasa ta fito fili shi ne sunayen 'ya'yan. Ƙwarƙwarar da Daurama ta ba Bayajidda, Bagwariya, ta haifi ɗa aka kira shi Karɓagari. Da sarauniyar ta haifi nata, sai aka sa masa Bawo, wanda ake fassarawa da neman a dawo da garin. Suna biyu, ƙara da martani. Daga 'ya'yan Bawo shida da Biram aka samu Hausa Bakwai. Daga Karɓagari kuma aka jingina Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarbawa, aka kira su Banza Bakwai. Wato labarin ya raba halattaccen magaji da ɗan ƙwarƙwara, kuma wanda ya tsara shi ba Bazamfare ba ne, ba Bakabe ba. Abin mamaki, Zamfarawa da Kabawa na yau Hausa suke ji ba kama hannun yaro. Masanin tarihi Abdullahi Smith na cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar labarin a matsayin asalin kafuwar ƙasashen Hausa.

Ba kowane suna ne ke ɗauke da irin wannan kaya ba. Dutsi, ƙaramar hukumar da ke kusa da Daura, da Dutse, babban birnin Jigawa, kalma ɗaya ce: karin Katsina da Sakkwato ya riƙe wasalin "i" a ƙarshe, na Kano, wanda aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa, ya ce "e".