Gasar hotunan karnuka a Amurka: zaɓen da ake sayen ƙuri'a a bainar jama'a

Kafin kowace shekara ta ƙare, gidajen da ke tattara karnuka da kyanwoyi marasa iyayengiji a garuruwan Amurka sukan yi shela cewa za su buga kalandar shekara mai zuwa, kuma duk mai kare yana iya aiko da hoton karensa. Akan biya kuɗin shiga, sa'an nan a baje hotunan a intanet, jama'a su jefa ƙuri'a. Hotuna 12 da suka fi samun ƙuri'u su ne za su hau watannin kalanda, wanda ya zarce kowa kuwa shi ke hawa bango.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ƙuri'ar ba kyauta ba ce. Galibi ƙuri'a ɗaya dalar Amurka ɗaya ce, wato abin da ya ɗara rabin jika a kuɗinmu na sefa, kuma babu wanda zai hana mutum ɗaya ya sayi ƙuri'a ɗari. Abin da a zaɓen siyasa zai kai mutum gidan kaso, a nan shi ne ƙa'idar wasa. Mai kare yakan bi dangi da abokan aiki a Facebook yana roƙo, idan ya ga wani ya wuce shi a daren rufewa sai ya buɗe lalitarsa. Ƴan kasuwa za su gane dabarar: ƙungiyar ba ta sayi hajja ba, ba ta biya mai ɗaukar hoto ba, masu karnukan ne ke yi mata talla, daga baya kuma su ne kan gaba wajen sayen kalandar domin rabawa ƴan'uwa.

Kuɗin ba ya zuwa ga karen da ke cikin hoto, wanda dama a ƙoshe yake. Yana zuwa ga wanda aka tsinta a kan titi ko wanda ubangijinsa ya gaji da shi. Ƙungiyar ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a birnin New York a 1866, ta ƙiyasta a wajen 2019 cewa karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 6.3 ne ke shiga irin waɗannan gidaje a shekara, kuma ana kashe wajen 920,000 daga cikinsu da allura, sau da yawa saboda rashin wuri ko rashin mai ɗauka. A shekarun 1970 waɗanda ake kashewa sun haura miliyan 10 a shekara. Babban abin da ya rage wanga adadi shi ne fiɗiye maza da cire wa mata mahaifa, aikin da ke bukatar likitan dabbobi da magani, ga abinci da allurar rigakafi. Nan kuɗin ƙuri'a ke tafiya.

Mawaƙiya kuma ƴar wasan fim Doris Day na cikin waɗanda suka yayata batun. A 1995 ƙungiyarta ta keɓe ranar Talata ta ƙarshe a watan Fabrairu domin kiran jama'a su kai dabbobinsu a yi musu fiɗiya. Bayan ƙungiyar ta haɗe da Humane Society ta Amurka a 2006, an yi shekaru ana shirya gasar hoto ta intanet domin wannan rana, inda ƙuri'un da aka saya ke tallafa wa aikin fiɗiyar.

Tsarin na da aibinsa. Ba hoton da ya fi kyau ke ci ba, na wanda ya fi mutane masu hannu da shuni ne, kuma tsohuwa mai ɗan fansho ba ta iya ja da mai kamfani ko da karenta ya fi. Haka nan ba dukan abin da aka tara ke isa gidan karnuka ba, domin mai shafin intanet da bankin da ya karɓi kuɗin da maɗaba'a duk suna cire nasu. Abin da ke tsare amana, a ganina, shi ne dokar Amurka ta tilasta wa ƙungiyoyin agajin da aka yafe wa haraji su bayyana lissafinsu na shekara, kowa na iya dubawa ya ga abin da ya shiga da albashin shugabanni. Ingila kuwa ta bi wata hanya: a gasar da ƙungiyar Kennel Club ta fara a 2005, alƙalai ne suka riƙa zaɓe, ba ƙuri'ar kuɗi ba.

A wajenmu kare na gadi ne da farauta da tsaron garke, ko da yake karen Azawak na arewacin Tahoua ya shiga Turai tun shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi cikin jerinta a 2019. Amma karen da ba shi da mai shi ya fi zama mana matsala fiye da su, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 sun kai wajen kashi 40 cikin ɗari. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi ya isa ya tsayar da yaɗuwar cutar, kuma allurar kare ɗaya ta fi arha nesa da jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza.