Daga hon ɗin mota zuwa filashin: Tafiyar kalmar "beep"

Kalmar "beep" ta Turanci kwaikwayon sauti ce, kamar yadda Bahaushe ke cewa abu ya faɗi "tim". A shekarun 1920 ƙarar hon ɗin mota ake nufi da ita. A 1957 kuma duniya ta kasa kunne tana jin "bip-bip" ɗin Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, wanda Tarayyar Sobiyet ta harba.

Yau kusan kowace na'ura da wannan ɗan sautin take magana: injin POS, na'urar lura da bugun zuciya a asibiti, da mitar wuta idan kati ya kusa ƙarewa. Saƙon ɗaya ne: waiwayo, akwai magana.

Sai wayar salula ta zo ta ba kalmar sabuwar ma'ana, wato ka kira mutum ka katse kafin ya ɗauka. A Nijar da Kamaru "bip" ake cewa, mu a Najeriya filashin. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya nazarci ɗabi'ar a Ruwanda, ya wallafa a 2007 cewa tana da ƙa'idoji: wanda ya fi ƙarfin aljihu shi ke biyo kira, kuma saurayin da ke neman shiga ba ya yi wa budurwa filashin.

To samari, kun dai ji. Filashin ga Baba ko babban yaya ba laifi, sun san kwanan zancen. Amma in zance za ka, sa kati.