Abin da Tsohuwar Fijo Ke Koya wa Mai Ita

Motar Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, ta fito a Faransa cikin 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Har yau akan ga tsofaffinta nan da can suna jan kaya.

Asirin, in ji makanikai, shi ne canja baƙin mai kan kari, duba ruwan lagireto kowace safiya, da gyara ƙaramar matsala tun ba ta girma ba.

To, haka mutum yake. Magidancin da ya ƙyale ƙaramin hali, kamar saɓa alkawari ko taurin bashi, wata rana zai tsaya cik a tsakiyar hanya, ga iyali a bayansa.