Kafin Ka Miƙa Kuɗin Waya

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau ya shafi abin da ke cikin aljihun kusan kowa, wataƙila ma da ita wasunku ke sauraronmu yanzu haka, wato wayar salula mai manhajar Android. Wanda ke tara kuɗin sabuwa, da wanda tasa ta fara yi masa gardama yana tunanin canji, da mahaifin da 'yarsa ta samu gurbin karatu ta ce sai an haɗa mata da waya, ku matso kusa.

Bari mu fara da sunan kansa. Android ba sunan waya ba ne, manhaja ce da ke tafiyar da wayar. Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya ƙirƙiro ta a shekarar 2005, kuma wayar farko da ta fito da ita ta kamfanin HTC ce, a 2008, shekara 7 bayan layukan GSM sun shigo Najeriya. Da yake Google ya bar ƙofa a buɗe ga masu ƙera waya, sai Samsung ya ɗauka, Redmi da Oppo suka ɗauka, Tecno da Infinix da itel su ma haka. Shi ya sa in mutum ya ce maka wayarsa Android ce, bai gaya maka komai ba tukuna. Ta talaka Android ce, ta attajiri ma Android ce.

Af, ga wani abin da kan ba ni dariya a majalisa: a yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, wannan ya ce Tecno, wancan ya ce shi Infinix har abada. Alhali Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Abin da ya ba su kasuwa a Afirka shi ne sun lura da halinmu: muna riƙe layi biyu saboda sabis ɗin wannan yakan ɗauke inda na wancan ke ja, ba mu da tsayayyiyar wutar lantarki, kuma muna son hoto ya fito da fatarmu yadda take.

To, tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tun kana gida, kafin ka hau adaidaita sahu zuwa kasuwa, ita ce: wane aiki zan sa wayar nan? Hajiyar da ke sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram, kyamara ce jarinta, domin in launin zani ya fito daban da yadda yake a ido, ta shiga rigima da mai saye. Mai shagon da ke karɓar kuɗi ta tiransifa tun lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, shi burinsa manhajar banki ta buɗe nan take, mai saye na tsaye a kansa. Baba kuwa da ke sauraron karatu da tafsiri, ya kira 'ya'ya da jikoki, a ba shi mai faffaɗan gilashi da lasifika mai ƙara da batir mai juriya, ya wadatu. Kuɗin da za a ƙara a saya masa mai kyamarori huɗu, gara a zuba masa data.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu shigo kan lambobin nan da ake rubutawa a jikin kwali, don a nan ake yi wa mutane wayo.

Akwai RAM, akwai ma'aji. Ka ɗauki mai tireda: ma'aji shi ne sitonsa na baya inda yake jibge kaya, RAM kuwa teburin gabansa ne inda yake baje abin da ake ciniki a lokacin. In teburin ƙarami ne, duk sa'ad da aka nemi wani abu sai ya kwashe na kai ya mayar ciki, ya ɗauko wani. Abin da ke faruwa ke nan idan ka fita daga manhajar banki ka je ka kwafo lambar asusu a WhatsApp, ka dawo ka tarar ta rufe, sai ka sake shiga daga farko. Wayar ba ta lalace ba, RAM ne ya yi mata kaɗan.

A ganina, wanda zai yi harkar banki da WhatsApp da Facebook a rana guda, kada ya sauka ƙasa da giga 4 na RAM. In aljihu ya ba da dama, 6 ko 8 sun fi kwanciyar hankali. Masu giga 2 ko 3 yawanci suna zuwa ne da wani sassauƙan nau'i da ake kira Android Go, wanda Google ya yi musamman don ƙananan wayoyi. Ba laifi gare shi, muddin ka san abin da ka saya: kira, saƙo, da manhajoji marasa nauyi irin su Facebook Lite.

Amma ku saurari wannan da kyau. Za ka ga an rubuta giga 16 da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 8+8. Ko an rubuta 8, a ƙasa 4+4. Lambar farko ita ce RAM na gaskiya. Ta biyun aro ce, an gutsuro wani yanki na ma'aji ana sa shi aikin RAM, kuma ma'aji bai kai RAM sauri ba ko kusa. Yana ɗan taimakawa wajen hana manhaja rufewa, amma ba zai mayar da mai giga 4 ta zama mai 8 ba. Don haka in yaron shago ya ce maka, “Alhaji, wannan ram sha shida ce,” ka ce masa, “Na ji, nawa ne nata na kanta?” Da ya ji wannan tambaya zai san ba baƙo ya samu ba.

Ma'aji kuma, giga 64 da ka gani a kwali ba duka ne naka ba. Manhajar wayar ta riga ta cinye wani kaso, sau da yawa fiye da giga 10. Ragowar kuwa, zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai za su cika maka shi da bidiyon biki da wa'azi da barkwanci kafin shekara ta zagayo. Mai iko ya nemi 128. Wanda bai kai ba, ya tabbatar akwai wurin sa memori, kuma ya duba ko sa memorin zai cinye masa gurbin layi na biyu, domin a wasu wayoyin gurbi ɗaya ne, sai dai ka zaɓa.

Sai injin da ke cikinta, wato furosesa. Ba sai ka haddace sunaye ba. Ka dai san cewa Unisoc ya fi yawa a masu araha, Helio na kamfanin MediaTek irin su G85 da G99 suna tsaka-tsaki, Dimensity da manyan Snapdragon kuma suna sama. Matashin da ke son wasannin waya masu nauyi ko tace bidiyo, na saman ne ya shafe shi. Sauranmu, na tsakiya ya ishe mu.

(Gajeren kiɗa)

Batir. A ƙasar da ake iya kwana biyu ba a ga wuta ba, mutum ya kai wayarsa wurin mai caji a bakin titi ya biya, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Yawancin wayoyin yanzu suna zuwa da batir mai ƙarfin 5000mAh, kuma ban ga dalilin da zai sa mai zama a yankinmu ya karɓi ƙasa da haka ba. Sai dai mutane kan manta da rabin zancen, wato saurin cajin. Batir mai 5000 a kan caja mai wat 10 yakan ɗauki kusan awa 3 kafin ya cika. A kan mai wat 33, awa 1 da 'yan mintuna. In an kawo wuta ƙarfe biyun dare aka ɗauke kafin asuba, ko maƙwabci ya tayar da janareto na ɗan lokaci, ka san wanne ya fi maka amfani. Ka kuma tambaya ko akwai kan caja a kwalin, saboda wasu wayoyin Samsung na yanzu igiya kaɗai suke zuwa da ita, kan cajar sai ka saya daban. A lissafa shi cikin kuɗin waya tun farko.

Zafi kuma makashin batir ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, barin waya a gaban mota cikin rana, ko kallon fim tana jikin caji a ƙarƙashin matashi, yana rage mata kwana. In ka ga bayan waya ya fara kumbura, a kai ta wurin gyara a ranar.

Kyamara ba zan daɗe a kanta ba. Yawan zagayen da ke bayan waya ba shi ne kyan hoto ba. A masu araha da yawa, ɗaya ce ke aikin, sauran ko dai 'yan ƙanana ne masu megafiksel 2, ko kuma ado. Lambar 50 ko 108 ma ba hujja ba ce. Ɗauki hoto a cikin shagon, inda haske bai da yawa, ka ɗauki fuskar mutum da wani zani mai launi, ka buɗa hoton ka gani da idonka. Hoton rana tsaka kowace waya ta iya.

Haka batun 5G. MTN ya ƙaddamar da shi a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu a wasu unguwannin manyan birane ya fi samuwa. In garinku 4G ma sai an hau tudu, kada ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Wannan ƙarin ka mayar da shi kan RAM ko ma'aji.

Abin da kusan ba mai tambaya a kasuwa, alhali yana da muhimmanci, shi ne shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko wa wayar da sabuntawa. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, kuma manhajojin banki su ma sukan ja layi irin wannan. Samsung ya yi alƙawarin shekara 6 ga Galaxy A16, shi da Google kuma shekara 7 ga manyan wayoyinsu irin su S24 da Pixel 8. Masu araha da yawa ba sa kaiwa ko kusa da haka. Wanda ke canza waya duk shekara biyu bai damu ba. Wanda zai riƙe ta har ta tsufa a hannunsa, ya sa wannan a ma'auni.

(Kiɗa)

Mu leƙa kasuwa. Duk wanda ya taɓa shiga Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ya san tun daga bakin ƙofa ake tare mutum: “Yallaɓai, saye ko sayarwa? Ko musaya za a yi?” Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin sabuwa dal a kwali ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka koma kan ta hannu, da waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Akwai alheri a ciki. Tsohuwar babbar waya takan fi sabuwar ƙarama kyamara da gilashi. Amma batirinta ya sha aiki, garanti babu, kuma in gilashinta irin AMOLED ne mai lanƙwasa a gefe, ranar da ya fashe kuɗin canjinsa zai iya tasar wa rabin abin da ka saye ta. Kafin ka biya, taka zuwa layin masu gyara ka tambayi kuɗin gilashinta da batirinta, ka ji ko ana samunsu ma. A nan Tecno da 'yan uwanta suka yi zarra, kayan gyaransu har a ƙananan garuruwa akwai.

In ka tsaya a kan ta hannu, to ka zauna, kada ka yi ciniki a tsaye. Danna *#06#, wato tauraro, hash, sifili, shida, hash. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI. Gwada ta da ta jikin kwali in akwai kwali. Sa layinka a gurbi na ɗaya da na biyu, ka kira wani, ka ji muryarsa, shi ma ya ji taka, domin wasu na Amurka a kulle suke da layin can. Jona caja ka ga tana ɗauka. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo ko inuwar tsohon rubutu a gilashin. Shiga saitin wayar ka ga RAM da ma'ajin da ta nuna, don akwai jabu masu kwaikwayon manyan wayoyi har da tambari. Sannan mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka kafin a goge ta. In aka goge ba a cire ba, za ta tashi tana neman kalmar sirrin tsohon mai ita, ka koma gida da abin da ba ya buɗuwa.

Rasit kuma dole ne, mai ɗauke da sunan shago da lambar IMEI. Wayar da wani ya tare ka da ita a bakin titi, yana waige-waige, ya ce rabin kuɗi saboda uzuri ya taso masa, ka bar masa abarsa. Ana bin sawun wayar sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambayoyi a caji ofis.

Saura masu bayar da waya a biya kaɗan-kaɗan. Tsarin ya taimaki mutane, ba musu. Sai dai ka ɗauki biro ka tara kuɗin ajiyar farko da duk abin da za ka biya har ƙarshe, ka gwada da farashinta na kuɗi hannu. Ka kuma sani, a yawancin irin wannan tsari akwai manhajar da ke kulle wayar in ka yi jinkirin biya. In da ita kake neman abinci, ranar da ciniki ya yi ƙasa ita ce ranar da za ta rufe.

Iya kuɗinka, iya shagalinka, in ji 'yan magana. Cikin abin da ka ware, ka rage na riga da gilashin kariya da caja ta ƙwarai, kada ka juye shi duka a kan wayar. Ranar da za ka je kasuwa, ka rubuta abu uku a takarda ka sa a aljihu: RAM na gaskiya nawa kake so, ma'aji nawa, da iyakar kuɗin da ba za ka wuce ba ko da an yi maka daɗin baki. Ka tafi da wanda ya san waya, kuma ku je da rana, ba dab da magariba ana haɗa kaya ba.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)